Zamiya a Val Thorens a ƙarshen Afrilu: akwai sauran dusa kuwa?

Wani ɗalibi da ke karatu a Lyon ya aiko da tambaya. Abokan karatunsa sun shirya zuwa Val Thorens, wurin wasan zamiya a tsaunukan Alps na Faransa, a makon ƙarshe na Afrilu, a je a wuni a dawo. Ya ɗan koyi wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara a watan Janairu, yana iya sauka a hanyoyi masu alamar shuɗi, wato masu ɗan sauƙi, ba tare da ya sha ƙasa sosai ba. To amma a Lyon har an fara yawo da riga mai gajeren hannu, shi ya sa yake tambaya ko dusar ba ta narke ba, ko kuɗinsa ba zai tafi a banza ba, da kuma abin da ya kamata ya sani kafin ya kama hanya.

Ƙanena, ka je. Dusa tana nan, kuma abokanka sun iya zaɓe. Garin Val Thorens yana kan tsayin mita 2,300 ne, babu wurin zamiya a Turai da garinsa ya kai shi bisa. Wato inda za ka sauka daga mota ma ya fi ƙololuwar dutsen Bagzan na Ayar, wadda ba ta wuce mita 2,000 da 'yan kai ba, kuma ya kusa kamo Chappal Waddi, dutse mafi tsayi a Najeriya, mai mita 2,419. Daga nan ne kuma za a fara hawa, har zuwa Cime de Caron da ke kusan mita 3,200. A ƙa'ida zafin iska yana raguwa da kusan digiri 6 da rabi a duk mita 1,000 da ka hau. In Lyon tana digiri 20 da rana, ka sa ran kamar 6 a cikin garin Val Thorens, a can ƙololuwa kuwa wajen sifiri. Wannan ne ya sa tun da aka buɗe wurin a farkon shekarun 1970 suke farawa a ƙarshen Nuwamba su kai har farkon Mayu, alhali maƙwabtansu sun riga sun naɗe tabarma.

Sai dai kada ka tafi da lissafin kilomita 600 ɗin nan da ake tallar Les Trois Vallées da shi. Wannan adadin na dukan kwaruruka ne a haɗe, har da Méribel da Courchevel da Les Menuires, kuma waɗannan sun fi ƙasa, sukan rufe tun kafin Afrilu ya ƙare. Abin da zai rage maka shi ne ɓangaren Val Thorens da Orelle, kusan kilomita 150 in komai a buɗe yake. Ga wanda ya fara koyo a Janairu, ko rabin wannan ba za ka taka ba a wuni ɗaya. Ka duba shafinsu ana gobe tafiya, suna sa jerin hanyoyi da na'urorin hawa (masu kai mutane saman tsauni) da ke aiki.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, dusar da ka sani a Janairu ba ita za ka tarar ba. A Janairu yadda ka same ta da safe, kusan haka za ka bar ta da yamma, domin rana ba ta da ƙarfin taɓa ta. A ƙarshen Disamba ko da tsakar rana ba ta tashi sama da digiri 21 daga gefen sararin sama a wannan yankin. A ƙarshen Afrilu tana kaiwa kusan 59, kuma ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 8 da rabi na dare. Saboda haka a wuni guda, a kan hanya guda, za ka haɗu da dusa iri uku: daskararriya da safe, mai laushi da hantsi, jiƙaƙƙiya mai nauyi bayan Azahar. Ta tsakiyar ita ce aka zo dominta, kuma a kowane gangare ba ta daɗewa, awa ɗaya zuwa biyu ne. Duk dabarar wunin ita ce ka kasance a inda ya dace a lokacin da ya dace. Wanda ya gane wannan zai dawo yana cewa bai taɓa jin daɗin zamiya irin na ranar ba. Wanda bai gane ba kuwa, a tsauni ɗaya, a rana ɗaya, zai dawo yana cewa an cuce shi.

Ga yadda abin yake faruwa. Da rana saman dusar yana narkewa, ruwa ya ratsa tsakanin ƙwayoyinta. Da dare ruwan ya sake daskarewa, ya manne ƙwayoyin da juna. Kwana da kwanaki ana wannan narke-daskare, sai ƙananan ƙwayoyin su ɓace, manyan su ƙara girma su zama dunƙule-dunƙule. In ka ɗebo ta a tafin hannu da hantsi za ka ga ba gari ba ce, ta koma kamar tsakin masara da aka yayyafa wa ruwa. Da rana ta ɗan taɓa ta, sai santimita biyu ko uku na sama su saki, ƙasan kuma yana nan da taurinsa. To a nan ne daɗin yake. Bakin allon zamiyarka yana samun abin kamawa, ba ya sulluɓewa, kuma ba ya nutsewa. Masu koyo ma sun fi samun sauƙin juyi a kanta fiye da sabuwar dusa mai zurfi, wadda ake ta ɗaukar hotonta amma ba kowa ke iya ta ba.

Duk wannan ya rataya ne a kan daren da ya gabata. In sama ta kwana tas babu gajimare, dusar tana sakin zafinta zuwa sararin sama, ta daskare sosai ko da ma'aunin iska bai sauka ƙasa da sifiri can-can ba. In kuwa gajimare ya rufe, ko iska mai ɗumi ta kwana tana busowa daga kudu, zafin ba ya samun hanyar fita, sai gari ya waye dusar tana jiƙe tun daga sama har ƙasa. Irin wannan ranar babu hantsin kirki a cikinta, tun ƙarfe 10 an shiga nauyi. Don haka in za ka duba hasashen yanayi na Météo-France, hukumar yanayi ta Faransa, kada ka tsaya a kan hoton rana da aka zana a ranar tafiyarku. Ka duba daren, ka kuma duba tsayin da suka ce sanyi zai kai sifiri. In layin sifirin ya sauko ƙasa da garin da dare kuma sama a buɗe take, kun dace. In ya kwana a sama da mita 3,000 kuma da gajimare, ku fito da wuri, ku hau can bisa, ku kuma san cewa wunin gajere ne. Idan kuna da zaɓi tsakanin Asabar da Lahadi, wannan ne abin da za ku yi zaɓin da shi. Da ka sauka daga mota kuma, ka soka sandarka a dusar gefen hanya. In ta ƙi shiga, daren ya yi aikinsa. In ta lume har rabi ba tare da ka danna ba, ka san inda aka kwana.

Na'urorin hawa suna fara aiki wajen ƙarfe 9. An ce da sanyin safiya ake kama fara, amma a Afrilu wanda ya riga kowa fita shi ke fara cin wuya. Manyan motocin da ke daddale hanyoyi sukan yi aikinsu tun da yamma bayan an rufe, lokacin dusar tana jiƙe, sai dare ya daskarar da ita da zanen da suka bari. Da safe za ka ji alluna suna ƙara a ƙarƙashinka, ƙafafunka suna karkarwa har cikin haƙora, in ka so tsayawa kuma sai ka ga kana ta tafiya a kaikaice. Mai gwaninta da alluna masu kaifin baki yana son wannan lokacin don gudu. Kai ba naka ba ne tukuna. Ka yi amfani da awar farko wajen karɓar kayan haya a natse, ka ɗan motsa jiki a filin 'yan koyo da ke tsakiyar gari, ko ka sauka sau ɗaya ko biyu a hanya mai alamar kore. In ka tsinci kanka a wuri mai tauri, kada ka ja jiki baya don tsoro, nan ne ake rasa iko. Ka sa nauyinka a kan ƙafar da ke ɓangaren gangare, ƙaurinka yana danne da harshen takalmi, ka bar allunan su ɗan zame a kaikaice har ka wuce wurin.

Daga nan sai bin rana. Gangaren da ke fuskantar gabas shi ke fara sakewa, sai na kudu, sai na yamma, na arewa kuma shi ne na ƙarshe, wani lokacin ma a can bisa ba ya sakewa sam. Haka nan ƙasa tana riga sama. Ka tuna kuma tun Lahadin ƙarshe na Maris an tura agogo gaba da awa ɗaya, saboda haka tsakar rana ta gaskiya a wurin tana kamawa ne wajen ƙarfe 1 da rabi, ba 12 ba. Mutane da yawa suna mantawa da wannan, su fito ƙarfe 9 suna mamakin tauri, alhali a lissafin rana ko 8 ba ta yi ba. Ba sai ka haddace taswira ba. Ka tsaya a tsakiyar gari ka ɗaga kai, tsaunuka ne suka kewaye ka ta kusan kowane gefe. Wanda ka ga rana ta daɗe a kansa, can za ka nufa. Ɓangaren Plein Sud, wanda ke saman gari yana kallon kudu, yana cikin masu saurin sakewa, kuma hanyoyinsa daidai da kai ne, amma shi ne kuma ke fara lalacewa. Ka ci rabonka a can da hantsi, kafin 12 ka bar shi ka tsallaka zuwa ɓangarorin Péclet da Moraine da Grand Fond, waɗanda suka fi tsayi kuma rana ba ta dukansu kai tsaye da wuri.

Kunnenka zai gaya maka lokacin da ka dace. Ƙarar kankare ɗin nan ta safe za ta ɗauke, sai ka ji wani sauti mai taushi, shuu, shuu, a duk juyi, ƙwayoyin dusa suna fallatsa gefe suna gangarawa a gabanka. In ka waiwaya za ka ga sawunka a fili, siriri, bai fi zurfin yatsa ba. In ka samu haka, kada ka ce bari in je in ga wancan tsaunin. Ka sake hawa ka maimaita wannan hanyar har sai ka ji ta fara nauyi, sannan ka matsa gaba. Rukunin abokai sukan yi asarar wannan lokacin wajen jiran juna da ɗaukar hoto da gardamar inda za a ci abinci. Ni a ganina hoto yana iya jira har ƙarfe 3, dusar ce ba ta jira.

Za su ce a hau Cime de Caron, kuma ya cancanci a hau in na'urar tana aiki, domin in sama ta washe har Mont Blanc ana hangowa. Amma ka sani babu hanyar ɗan koyo daga can. Hanyar Combe de Caron baƙa ce, ta Col de l'Audzin ja ce, kuma da yake gefen yana kallon arewa yakan daɗe da tauri. Babu abin kunya ka hau ka sha kallo ka dawo a cikin na'urar da ta kai ka. Alamomin launin nan, kore da shuɗi da ja da baƙi, daga mafi sauƙi zuwa mafi wuya, suna faɗin tsananin gangare ne kawai, ba sa faɗin halin da dusar take ciki a wannan sa'ar. Shuɗiyar hanya da ta daskare ta fi jar da ta yi laushi wahala. In kuma kuka gangara ta bayan tsauni zuwa ɓangaren Orelle, ka dubi allon da ke nuna lokacin hawa na ƙarshe. Orelle tana cikin wani kwari ne dabam, Maurienne. A sama tsallake ɗaya ne, amma wanda ya makara aka rufe, zagayen da zai yi a mota ta Albertville ya fi kilomita 100, kuma motarku tana jiran ku a ɗaya gefen.

Wajen ƙarfe 1 zuwa 2 al'amari zai fara juyawa daga ƙasa. Ruwa ya yi yawa a cikin dusar, ɗaruruwan mutane sun ture ta ta taru tudu-tudu, tsakanin tuddan kuma an kankare har ƙasa mai tauri. Faransawa suna kiranta miya, kuma a nan ne ake jin ciwo. Abu biyu ke faruwa. Na farko, ruwan da ke tsakanin allo da dusa yana riƙe allon, sai ka ji kamar an taka maka birki ba shiri, musamman in ka fito daga inuwa ka shiga rana, jikinka ya yi gaba ƙafafu suna baya. Na biyu, dusa mai nauyi tana kama bayan allo ta ƙi sakinsa a lokacin da jikinka ya riga ya juya, sai murɗawar ta sauka a gwiwa. Jijiyar da ke cikin tsakiyar gwiwa ita ce aka fi tsinkawa a wasan nan, kuma jinyarta watanni ne, sau da yawa har da tiyata. Yawanci ba a wajen gudu ake tsinka ta ba. Mutum ne zai tafi baya-baya kamar zai zauna, ya yi ƙoƙarin miƙewa alhali yana kan zamewa. In ka ga faɗuwa ta zo, ka faɗi ta gefe, hannaye a gaba, kada ka yunƙura sai ka tsaya cak.

A irin wannan dusar ana tafiya ne da juyi mai faɗi, a zagaye, ba fizga ba. Ka haɗa ƙafafu kusa fiye da yadda ka saba, nauyi a tsakiya, ka ratsa tuddan maimakon ka yi ta kauce musu, kuma ɗan gudu kaɗan ya fi tafiyar ɗari-ɗari sauƙi. Amma gaskiyar magana, ga wanda ya fara a bana, shawarata ka ajiye alluna da ka ji cinyoyinka sun fara rawa, ko da 2 ba ta yi ba. Kuɗin tikitin wuni ne ke sa mutane naci, wai sai sun ci kuɗinsu har a rufe wajen ƙarfe 5. Masu aikin ceto sun san saukar nan da ake cewa ta ƙarshe, ita ce ke cika musu gadon da ake jan majinyata a kai. In akwai tikitin awa huɗu a ranar, ka tambaya, domin kusan iyakar abin da za ka mora ke nan.

A shagon haya ka ce a ba ka allunan da aka shafa wa kakin dusa mai ɗumi. Kakin da ake gogawa a ƙasan allo iri-iri ne, na sanyi dabam na ɗumi dabam, kuma a ƙarshen kakar wasa kayan haya sun sha aiki, wasu ƙasansu ya bushe ya yi fari-fari. Ka juya allon ka duba, in ka ga haka ka ce a sauya. Wanda bai taɓa gwadawa ba ba zai yarda da irin bambancin da wannan ke kawowa bayan Azahar ba. Za su tambaye ka nauyinka da tsayinka da shekarunka da matakin iyawarka, da su ne ake saita maƙalin takalmi don ya sake ka in ka faɗi. Ka faɗi gaskiya. Samari suna son cewa sun iya, sai a ɗaure musu maƙali tamau, ranar faɗuwa allo ya ƙi fita, gwiwa ta biya. Ka karɓi hular kwano. In aljihu zai ɗauka, awa ɗaya ko biyu da malami, irin masu jajayen kaya na ESF, makarantar koyar da zamiya ta Faransa da ke koyarwa tun 1945, ko wata makarantar, ya fi amfani a wannan lokacin fiye da kowane, don ya san gangaren da ke sakewa a kowace sa'a.

Sai maganar rana, wadda mutanenmu suka fi rainawa. Za ka ce wanda ya tashi a zafin Afrilun Damagaram ko Sakkwato wace rana ce za ta ba shi tsoro a Faransa. Ba zafin ba ne, hasken da ke ƙona fata ne, wanda ba a ji sai ya gama aiki. Yana ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin 100 a duk mita 1,000, sabuwar dusa kuma tana iya mayar da har kashi 80 cikin 100 nasa sama. Wato ta sama da ta ƙasa ake dukanka, shi ya sa ƙarƙashin hanci da haɓa da leɓe suke fara ƙonewa. Baƙar fata tana da kariya fiye da fara, amma leɓe yana tsagewa, fuska tana saɓulewa bayan kwana biyu. Ka shafa man kariya mai lamba 50, ka maimaita da rana, ka riƙe na leɓe a aljihu. Ido kuwa babu ruwansa da launin fata. Wanda ya wuni a dusa babu tabarau ba zai ji komai ba sai cikin dare, bayan awa 6 zuwa 12, ya farka ido yana zubar da hawaye kamar an watsa masa yashi, ko fitila ba ya iya kallo. Yakan warke cikin kwana ɗaya ko biyu, amma dare ne da ba a mantawa. Tabarau mai lamba 3 ko 4 za ka nema, wanda ya rufe gefe, kuma kada ka cire shi don gajimare ya taso.

Kana iya tarar da dusar ta yi ja-ja ko ruwan ƙasa, kada ka ɗauka datti ne na mutane. Ƙurar Sahara ce. Iskar kudu tana kwaso ta, galibi daga ɓangaren Aljeriya da Maroko, ta tsallake Bahar Rum ta zube a tsaunukan Alps, kamar yadda ta hunturu ke kawo mana tamu ta ɗaya gefen hamadar. A Fabrairun 2021 da tsakiyar Maris na 2022 ta sauka da yawa har sama ta koma ruwan goro. Ko sabuwar dusa ta binne ta, in narkewa ta zo sai ta sake fitowa sama. Abin da ya shafe ka a ciki shi ne, dusa mai duhu ta fi shan zafin rana, tana saurin sakewa kuma tana riƙe allo. In ka ga wuri mai launi a gabanka da rana tsaka, ka shirya jin birki.

Akwai wata magana da abokanka Turawa ba za su yi tunaninta ba, kai kuwa dole ka yi. A mita 2,300 iskar da kake shaƙa kusan kashi uku cikin huɗu ce ta wadda ke bakin teku, a ƙololuwa kuma ta sauka zuwa wajen kashi 70 cikin 100. Ga kowa wannan yana kawo haki, da ciwon kai, da saurin gajiya, balle ku da za ku taso daga Lyon ku hau cikin awa uku. Amma ga mai sikila abin ya wuce haka. Ƙarancin iska da sanyi da ƙishirwa da aikin ƙarfi, duk abubuwan da ke tayar da ciwon ne suka haɗu a wuri ɗaya. Mai SS ko SC kada ya je sai da izinin likitansa. Mai AS ma, wanda a gida ba ya jin komai, an san cewa a kan tsauni jini yana iya toshewa a saifarsa, ko da yake ba kasafai ba. Alamarsa ciwo ne mai tsanani a hagu, ƙarƙashin haƙarƙari. In ka ji haka ba dauriya ake yi ba, a sauka ƙasa a nemi likita, a kuma gaya masa rukunin jininka na sikila. In ba ka san naka ba, ka bincika kafin tafiya. Ka yi ta shan ruwa ko ba ka ji ƙishi ba, iskar wurin busasshiya ce.

Tufafi kuwa, kada ka sa babbar rigar Janairu ita kaɗai. Ka sa marasa nauyi bisa juna yadda za ka rage da rana, ta waje ta zama mai hana ruwa, wando ma haka, domin duk faɗuwa jiƙewa ce. Safar hannu biyu, ɗaya a jaka. Za ka ga masu zamiya da singileti, kada ka biye musu, dusar nan mai tsakuwa tana kankare fata in aka faɗi.

Kada ka fita daga hanyoyin da aka kafa wa sanduna, ko da ka ga sawun wasu, ko da mita goma ne. A cikin hanya ma'aikata suna tayar da dusar da ke barazana tun kafin a buɗe, kuma in ka ga sun rufe wata hanya da rana tsaka alhali da safe a buɗe take, ba mugunta ba ce, gangaren da ke samanta ne ya jiƙe. Jiƙaƙƙiyar dusa in ta zaftare ba ta da gudun busasshiya, amma nauyinta ya ninka, in ta tsaya kuma ta kame, wanda ta binne ba ya iya motsa ko hannu, bayan minti 15 damar fito da shi da rai tana raguwa da sauri. Ana auna haɗarin daga 1 zuwa 5, ana kafa shi a bakin na'urorin hawa, amma a wannan lokacin adadin safe ba shi ne na yamma ba. Kuma Afrilu bai hana hunturu dawowa. A tsakiyar Afrilun 2025 dusa ta zuba fiye da mita ɗaya cikin kwana guda a sassan Savoie, yankin da Val Thorens yake, har aka umarci mutanen Tignes, wani garin zamiya a yankin, su zauna a cikin gida. In hazo ya sauko, Val Thorens wuri ne mai wuya, domin ya fi ƙarfin tsayin da itatuwa ke tsirowa, babu ko bishiya ɗaya da ido zai kama. Sama da ƙasa su zama fari ɗaya, har mutum ya kasa gane ko tafiya yake ko tsaye. In ya same ka a sama, ka bi sandunan gefen hanya ɗaya bayan ɗaya, a hankali. In tun a gida hasashe ya nuna haka, ku ɗaga tafiyar.

Wajen sayen tikiti za a tambaye ka ko kana son Carré Neige. Ka ce e. Inshora ce ta 'yan Yuro kaɗan a wuni. A Faransa ceto a kan hanyar zamiya ba kyauta ba ne, katin lafiyarka na ɗalibi kuma ba ya biyansa. Saukar da mutum a gadon majinyata ɗaruruwan Yuro ne, jirgi mai saukar ungulu kuwa da minti ake lissafinsa. Lambar masu ceto tana jikin taswirar da ake rabawa, ka sa ta a waya tare da 112, lambar agajin gaggawa. Ka kuma riƙe ƙa'ida biyu: wanda ke gabanka shi ke da hanya, kai ne za ka kauce masa, kuma ba a tsayawa a tsakiyar hanya ko a bayan tudu inda mai saukowa ba ya hango ka.

Abincin Savoie sai ka yi tambaya. Tartiflette, dankali da cukun nan da kowa zai ce ka ɗanɗana, da naman alade ake yin ta. Tsiran da suke kira diots na alade ne, kuma sau da yawa a giya ake dafa shi. Fondue da farar giya ake narka cukunta, raclette kuma tana zuwa da farantin busasshen nama wanda yawancinsa alade ne. Wainar ƙwai da soyayyen dankali ba sa ƙarewa a ko'ina, amma farashin kan tsauni ba na ɗalibi ba ne. Ka yo guzurinka daga Lyon, burodi da abin sawa, da dabino a aljihu don ci a kan kujerar hawa. Salla kuma ta zo daidai da tsarin da na ba ka: Azahar tana shiga wajen 1 da rabi, La'asar sai bayan 5, saboda haka in ka ajiye alluna wajen 2 ka cire takalman nan masu tauri, kana da isasshen lokacin alwala a natse.

Game da hanya, daga Moûtiers, inda tashar jirgin ƙasa take, kusan kilomita 37 ne na hawa da kwana-kwana, kamar awa ɗaya. In mota tana juya maka ciki, ka zauna a gaba kuma kada ka cika ciki kafin nan. Dokar da ta tilasta tayoyin hunturu ko sarƙa tana ƙarewa ran 31 ga Maris, amma in da motar kanku za ku je ku jefa sarƙar a but duk da haka. Ba a barin mota a titin garin, sai a wuraren ajiya na kuɗi, ku sa wannan a lissafi. In kuma motar haya za ku bi daga Moûtiers, ku tabbatar da lokacin ta ƙarshe mai saukowa tun kafin ku hau, domin a ƙarshen kakar wasa ana rage yawansu.